Kwalba Biyu a Ƙofar Baƙala

Kwanan baya Halima ta zo mini da wayarta, fuska a murtuke, ta nuna mini hoton nan da na yi zaton ya daɗe da mutuwa. Wai wata 'yar uwarmu ce a gida ta sake tono shi ta turo mata, har da tambaya a ƙasa: ashe kakanku yana taɓawa? Na tambaye ta da Hausa me ta ce wa matar, ta amsa mini da Larabci kamar yadda kuka saba duk ku jikokina, wai "Ma adri ya Sitti," ita ba ta sani ba. To madalla. Tunda ba ku sani ba, ku zauna ku sani. Mutumin ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin da zai kare kansa, ni kuwa nawa bakin yana nan, kuma kun san bai taɓa yin ciwo ba.

Duk wanda ya zauna a Madina ya san abin da ke cikin koriyar kwalbar da ke hannun kakanku a hoton. Bira ce, ruwan sha'ir, ba ta sa maye ko mutum ya sha cikin tulu. Kowace baƙala, wato kantin unguwa, tana da ita a firji kusa da madara, ku ma kun sha ta tun kuna rarrafe. Wa ya isa ya sayar da giya a fili a birnin Manzon Allah? Kwalbar ce ta ja mana. Siffarta sak ta giya, ga dogon wuya, ga kumfa in an buɗe. A garinmu can ƙasar Katsina kuwa, duk wanda aka gani da irin wannan kwalbar an gama da shi, ba mai tsayawa tambayar abin da ke ciki. An ce kama da wane ba ta wane, amma masu faɗin karin maganar su ne farkon masu mantawa da ita.

Malam, kakanku, tela ne. A unguwar Harra ta Yamma ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keke, yana ɗinka riguna, har ido ya gaza ya bar wa babanku Bashir shagon. Barinsa aiki ke da wuya tsakuwar ƙoda ta sa shi gaba. Na ga namiji mai furfura yana birgima a kan tabarma yana kiran uwarsa da ta rasu tun kafin a haifi Bashir. Likita ya ce ya yawaita shan ruwa, shi kuwa Malam da ruwa ba sa ga maciji, sai dai shayi. Baba Adamu ne ya ce masa ya gwada bira da sassafe kafin ya sa komai a ciki, wai tana wanke ƙoda, kamar yadda mutanen nan da yawa suke faɗa. Ko tana wankewa ko ba ta wankewa, ni ba likita ba ce. Abin da na sani shi ne ta sa Malam ya riƙa shan abu mai ruwa-ruwa ba tare da na yi masa faɗa ba.

Baba Adamu mutumin Abeche ne, daga Chadi. Dogo, siriri, Hausarsa rabi Larabcin can ne, in ya yi dariya har layin baya ana ji. Haris ne, mai gadin wani bene da ke bayan layinmu, kuma ɗakinsa na ƙarƙashin matakala kusa da injin da ke tura ruwa sama. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Chadi, sai Sallah su kira. Yana da ciwon suga, gwiwoyinsa kuma sun gaji, don haka sau da yawa a ɗaki yake sallar Asuba, sai gari ya fara wayewa ya lallaɓo ya fito. Shi yana kiran Malam Tela, Malam yana kiransa Ɗan Abeche, ni kuwa Hajja yake ce mini.

A ƙofar baƙalar Abu Salih, wani Bayamane mai kirki, akwai dogon benci. Nan suke zama bayan Asuba, don a garin nan in ba wannan lokacin ba, yaushe tsoho zai iya zama a waje rana ba ta gasa shi ba? Da farko su huɗu ne, duk tsofaffin baƙi irinmu da suka zo neman abinci suka tsufa a nan. Abu Salih zai fito da kwalba daidai yawansu ya jera a kan wani akwati. Suna da wata al'ada da ba wanda ya zauna ya kafa ta, ta kafa kanta ne. Kwalba in ta fito daga firji tana yin raɓa. In raɓar ta bushe mai ita bai iso ba, ɗaya zai tashi ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ba waya, ba aike, da ƙafa ake zuwa. Sannu a hankali ɗaya ya rasu, ɗaya 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Jidda, aka bar Malam da Baba Adamu.

Malam mai ɗanɗanon tuffa yake sha, Baba Adamu kuwa mai ɗaci wadda ba suga. Kullum sai sun yi wannan musun, sai ka ce ranar suka fara.

"Tela, wannan taka ai ta amare ce. Namiji ɗaci yake sha."

"Ɗan Abeche, ɗacin duniya da ka sha bai ishe ka ba, sai ka saya da kanka?"

Al'adar nan ta taɓa ceton ran Baba Adamu, kuma ina so ku riƙe wannan. Wata safiya kwalbarsa ta bushe. Malam ya je ya buga ƙofa, shiru. Ya kira Abu Salih suka ɓalle ta, suka tarar da shi a yashe a ƙasa, suga ya faɗi, gumi sharkaf. Suka murje dabino suka shafa masa a baki. Malam ya ce mini da ya buɗe ido bai yi salati ba, bai gode ba, cewa ya yi:

"Kada dai ka shanye mini tawa."

Ba zan ce muku a nan Madina ma ba a yi surutu ba. An yi. Samarin da aka haifa a nan dariya kawai suke in sun wuce, su ɗaga musu hannu su ce ga shabab, ga matasa sun fito. Matan unguwa ne masu gutsiri-tsoma. A wani suna a unguwar Al-Sih wata Hajiya ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya kamar mai ba ni maganin haihuwa.

"Hajiya Rakiya, mun san halal ce. Amma tsoho da farin gemu da kwalba a hannu da farar safiya, ai ba tsari. Carbi ya kamata a gani."

"Carbin na aljihunsa," na ce mata. "Ya gama laziminsa tun kina juyi a katifa."

Daga ranar ba ta ƙara ba ni shawara ba, ni ma ban yi kewarta ba. Irin wannan maganar ba ta taɓa damun Malam. Ta gida ce ta kayar da shi.

A shekarar da nake ba ku labari, Nura ya zo Umara. Nura ɗan Yaya Liman ne, yayan Malam, limamin garinmu. A gidanmu ya sauka. Na yi masa tuwo da miyar kuka, na ba shi ɗakin Bashir, na wanke masa harami da hannuna. Wata safiya ya fito shan iska ya hangi baffansa a benci, kwalba a baki. Maimakon ya ƙarasa ya gaishe su ya tambaya, sai ya tsaya daga nesa ya ɗauki hoto ya jefa a guruf ɗin dangi, ya rubuta wai Baffa ana hutawa a Madina. Daga baya ya rantse wasa yake yi, shi ya san ba giya ba ce. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma magana zarar bunu ce. Kafin ya koma gida hoton ya riga shi isa, ya fita daga hannun dangi ya shiga gari.

Wayyo, abin da kunnena ya ji a wannan watan! Wasu su kira su ce sun kira gaisuwa, a yi ta jan zance har a zo kan "ya jikin Malam, yana dai lafiya ko?" Wasu ba sa ma ɓoyewa. Wata ƙanwar uwata, tsohuwa tukuf, ta kira ni tana kuka, wai in yi haƙuri da jarrabawar da Allah ya ɗora mini, in yi ta yi masa addu'ar shiriya. Ni Rakiya! Na sa Bashir ya ɗauki bidiyon kwalbar ciki da waje, ya karanta rubutun jikinta, ya nuna firjin Abu Salih da yara suna saye, muka tura. Wasu suka gamsu. Wasu suka ce ai takarda ce, ana iya manna kowace iri. Wanda ya ga hoton farko bai tsaya jiran na biyu ba.

Sai Yaya Liman ya kira. Ku ba ku san yadda Malam yake da yayansa ba. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa karatu, shi ya sayar da ɗan maraƙinsa ya sa shi a hanyar Makka. Malam yana da furfura har a gira, amma in Yaya ya kira, sai ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kafin ya ɗaga wayar. Ranar ma haka ya yi, ina daga ƙofar kicin ina ji, don muryar a buɗe take. Yaya ya kira shi da sunansa, wanda ni ban taɓa faɗa ba kuma ba yau zan fara ba, sannan ya ce:

"Na san ba giya ba ce, Nura ya yi mini bayani. Amma ba zan bi gari gida-gida ina bayani ba. Jiya bayan Magariba wani ya ce in fara yi wa ƙanena wa'azi kafin in yi wa jama'a. Sunan mahaifinmu ne a bakin mutane. Ka bar zaman nan."

"To, Yaya."

Shi ke nan. Kalma biyu. Na jira ya ajiye wayar, na fito da ludayi a hannu.

"Malam, to Yaya kawai? Laifin me ka yi?"

"Hajiya, ban taɓa ce masa a'a ba. Yau da tsufana zan fara?"

"Shi ma da tsufansa ya kasa ce wa 'yan gulma a'a. To Baba Adamu fa? Wa zai ƙwanƙwasa masa?"

"Abu Salih yana nan."

"Abu Salih mai kanti ne, da ciniki zai ji ko da ƙofar mutane?"

Ya koma jan carbinsa. Na san wannan halin nasa, na zauna da shi shekaru masu yawa, in ya shiga cikinsa ko da igiya ba a fito da shi. Na yi faɗa, na yi lallashi, har kuka na yi. Da na ga ba ci gaba sai na kawo dabara: Baba Adamu ya riƙa zuwa gidanmu da safe, su sha abinsu a falo, ba mai gani balle ya ɗauki hoto. Malam ya ji daɗin shawarar, ya tafi da ita da murnarsa. Ya dawo kamar an zare masa laka. Da ƙyar na ciro abin da Baba Adamu ya ce masa:

"Abin da Allah ya halatta ba zan shiga ɗaki in sha shi kamar ɓarawo ba. In kunyar zama da ni kake ji, Tela, faɗa mini kawai."

Tsofaffi biyu, kowa da taurin kansa. Ɗaya ba zai saɓa wa yayansa ba, ɗaya ba zai ɓuya ba. Malam ya canza hanyar dawowa daga masallaci, ya riƙa zagayawa ta bayan makarantar yara don kada ya bi ta gaban baƙala. Zai shigo ya zauna kusa da taga yana kallon titi, in kawo shayi ya huce a gabansa. Na sayo masa mai tuffar na cika firji, bai taɓa ko ɗaya ba. Gidan ya yi mini nauyi. Mutumin da kullum yake shigo mini da labarin abin da Ɗan Abeche ya ce yau, ya koma ba ya cewa komai sai in an tambaye shi.

Ni dai ban yanke ba. Duk Juma'a nakan zuba abinci a kwano in ba Bashir ya kai wa Baba Adamu. Yakan karɓa ya ce a gode wa Hajja, ya dawo da kwanon da dabino a ciki, amma bai taɓa cewa a gai da Tela ba. Abu Salih ya gaya mini ya ci gaba da fito da kwalba biyu na ɗan lokaci, daga baya ya koma ɗaya. Baba Adamu yakan zauna shi kaɗai ya sha ya tashi. Sai ya fara tsallake rana, yau ya zo gobe bai zo ba, har Abu Salih ya daina fitowa da ita sai ya gan shi. Mutum in ba mai jiransa, ranar da ya ga dama yake fitowa. Kuma in haka ta faru, ba mai iya gane rashin zuwan da ke da dalili. Juma'a zuwa Juma'a kuwa tafiya ce mai nisa ga mai ciwon suga.

Ruwa ne ya tona. Mutanen benen suka wayi gari famfo ba ya zuba, ba a kunna inji ba, tankin sama ya ƙafe. Suka sauko da niyyar yi wa haris masifa, suka tarar ƙofa a kulle ta ciki. Abu Salih da kansa ya bar kanti a buɗe ya rugo gidanmu, yana buga ƙofa yana kiran ya Hajj, ya Hajj. Malam ya fita ba takalmi. An sami Baba Adamu da sauran numfashi, a ƙasa, daidai inda suka taɓa samunsa. Amma wannan karon dabino bai yi aiki ba. Likitoci suka ce ya daɗe a kwance a haka, ba tun safiyar ba.

Bai farfaɗo ba. Malam ya tare a asibiti, ba ya ci, ba ya komawa gida sai an kore shi. Na je na kai masa abinci na same shi ya sunkuya a kunnen mutumin yana magana a hankali.

"Ɗan Abeche, tashi mana. Taka ta bushe. Ga ni na zo."

Na ajiye kwanon na fita waje, don ban iya tsayawa ba.

An yi masa salla a Harami aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Masu ta'aziyya suna ta cewa ya yi sa'a, ya kwanta a maƙwabtan Manzo, kuma gaskiya ne, Allah ya sa mu dace. Malam yana amsawa da amin, ba ya ƙarawa. Labari ya kai gida cewa an yi mana rasuwa, Yaya Liman ya kira. Malam ya sauko ƙasa kamar kullum. Yaya ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce:

"Wai wane ne ma Adamun? Cikin dangin Rakiya ne?"

Ko sunansa bai sani ba. Yanzu Yaya Liman ya rasu shi ma, Allah ya jiƙansa, ba mugun mutum ba ne, kuma ba don in ɓata shi nake rubuta wannan ba. Tsoron bakin mutane ya ji, ya ɗora wa ƙanensa, ƙanen ya ɗauka don biyayya. Amma wanda ya biya bai san garinmu ba, bai san liman ba, bai taɓa shiga guruf ɗin kowa ba. Wannan abu yana ci mini rai har yau. Da na sani ƙeya ce, amma wallahi ba ranar da zan wuce ta gaban bencin nan ban ce ina ma ba. Ina ma Nura ya ƙarasa ya yi sallama. Ina ma Yaya ya ce wa mai maganar ya je ya tambaya. Ina ma ɗaya cikin tsofaffin nan biyu ya sauko.

Bayan an share makoki, wata safiya na ji Malam bai shigo ba a lokacin da ya saba. Na yafa abaya na leƙa. Yana kan benci. Na tsaya daga bakin layi ina kallo. Abu Salih ya fito da kwalba biyu, yana share ido da gefen rawaninsa, ya jera a kan akwatin. Malam bai ɗauki mai tuffa ba, mai ɗacin ya buɗe, wadda ya yi shekaru yana zagi. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ɗaga ta sama yadda duk mai wucewa zai gani, ya ce da ƙarfi, da Hausa, a titin da ba mai jin sa sai ni:

"To, a zo a ɗauki hoto!"

Ba wanda ya ɗauka. Bai kira Yaya ya nemi izini ba, Yaya kuma bai ƙara tayar da maganar ba. Daga ranar har ciwon ajalinsa bai fasa zaman nan ba, kuma kullum biyu yake sa a fito da su. Yakan sha ɗaya, ya zauna yana kallon ɗayar har raɓarta ta bushe. Sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗan tsaya yana duban layin baya, sannan ya juyo gida. Abu Salih ya mayar da ita firji.

Halima ta ce mini za ta goge hoton, ta kuma gaya wa matar nan magana. Maganar kam ki gaya mata, in kin rasa ta faɗa ki zo in ba ki. Amma kada ki goge. Ni ma da na so a ƙone shi a duk wayar da ya shiga, yanzu kuwa na sa Bashir ya wanke mini shi a takarda. Ku buɗe shi ku duba gefen dama, can ƙarshe inda Nura ya yanke. Za ku ga wani dogon hannu baƙi, da tsohon agogo, riƙe da kwalba ta biyu. Baba Adamu bai yarda da ɗaukar hoto ba, ko 'ya'yansa da muka tambaya ba su da na tsufansa. Wannan hannun shi ne ya rage mana.